Yogar Wata Uku a Safiya Ɗaya

Mai Madubi ya sa hannu biyu ya fizgo tabarmar daga bayan kujerar direba. Da ƙyar ta fito, ta lotsa a tsakiya daidai siffar ƙugunsa. Wata uku ke nan tana nan a naɗe, ko ledarta ba a cire ba. 'Yarsa ce ta sayo masa ita, shuɗiya, ta roba, ranar da likitar kamfani ta ce ya fara yoga. Shi kuwa da ya juya ta, ya matsa ta, ya ji laushinta, sai ya ga ai ga inda ta dace, tsakanin bayansa da kujerar bas Lamba Tara. Duk ranar da 'yar ta bugo waya ta ce, "Baba, kana dai amfani da tabarmar nan ko?" sai ya ce, "Kullum, awa tara." Kuma bai yi ƙarya ba.

"Ina kuma za a kai matashin?" in ji Dogo, direban Lamba Huɗu, wanda ke goge gilashin motarsa daga baya.

Mai Madubi ya juyo gaba ɗayansa, ƙafa da ƙugu da kafaɗa, yadda doguwar mota ke shan kwana. Shi haka yake juyawa. Shekara ashirin da bakwai yana kan sitiyari, kuma tun da ya gano madubi uku sun ishe shi ganin duniya ya sallami wuyansa daga aiki. Har a falon gidansa ya kafa ƙaramin madubi a saman talabijin don ya riƙa ganin mai shigowa. Matarsa ta yi mita ta gaji, yanzu ita ma in za ta yi masa magana madubin take kallo.

Wata uku da suka wuce likitar ta auna jininsa ta ga ya hau. Ta tsaya a bayansa ta ɗaga yatsu ta ce ya waiwayo ya faɗi nawa ne, ya waiwaya iya ƙarfinsa bai ga komai ba sai sikelin da ke jingine da bango. Ta ba shi magani, ta ba shi wata uku, ta rubuta masa inda ake koyar da yoga. Yau ƙarfe uku wa'adin ke cika. In ta sa hannu, shi da Lamba Tara sai wata shekarar. In ba ta sa ba, ƙofa za a mayar da shi, a ba shi usur da kujerar roba, ya riƙa ɗaga wa waɗanda ya koya wa tuƙi ƙarfen shinge. Ya san yadda abin yake, don ga tsohon direban Lamba Biyu can a zaune shekara huɗu ke nan, yana bin kowace mota da kallo. Duk safiya in Mai Madubi zai fita, ba ya iya haɗa ido da shi.

"Yoga zan je," ya ce.

"Yau? Yau ne fa gwajin."

"To da yaushe ake yi wa mota sabis? Ba ranar da za a kai ta gwaji ba? Ka wanke inji, ka ƙara mai, ka ɗaure abin da ke kaɗawa, ka kai musu tana sheƙi. Wanda ya yi sabis tun wata uku baya, ai kafin ranar ta sake sakin jiki."

Dogo ya tsaya da tsumma a hannu, ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, bai ga inda ta ɓalle ba. Matsalar garejin ke nan, kowa da irin wannan lissafin yake kwana yake tashi.

Ajin yana hawa na biyu, saman wani kantin magani. Kafin ya gama matakalar har ya fara haki, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara bel kamar abin da ya tsayar da shi ke nan. Ɗaki ne mai faɗi, da tagogi manya da fanka biyu, mutum kamar goma sha biyu sun shimfiɗa tabarmi, kowa da sakakkun kaya. Shi kuwa da kayan aiki ya zo, wando mai kari, riga mai aljihu biyu, ga tarin makullai a ƙugu. Ya cire takalmi, ya ratsa ta tsakiyar mutane yana ƙarar makullai, ya wuce har layin farko ya yage ledar ya shimfiɗa tasa. Bai san wani wurin zama ba in ba gaba ba. Tabarmar ta ƙi kwanciya, yana sakin ta tana naɗewa, sai da ya danne gefe ɗaya da waya, ɗaya gefen da makullan.

Ya duba bangon gabansa, ya duba dama da hagu iya inda ido ke kaiwa. Babu madubi ko ɗaya. Ransa bai so ba. Ya ji an buɗe ƙofa, ya ji wani ya shigo a makare ya shimfiɗa tabarma daf da bayansa, ya ji an ajiye gorar ruwa, amma bai da hanyar sanin ko wane ne.

Malamin wani tsoho ne siriri, furfura fat, zai ba Mai Madubi shekara goma sha biyar. Yana zaune a ƙasa ya harɗe ƙafafu, bayansa a miƙe sak.

"Muna da baƙo," ya ce. "Sannu da zuwa. Me ya kawo ka wurinmu?"

Mai Madubi ya yi gyaran murya. Muryarsa ta saba da ƙarar inji, ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

"Malam, ni direba ne, ba zan ɓata maka lokaci ba. Likitar kamfaninmu ce ta rubuta mini yoga ta wata uku. Yau ƙarfe uku zan koma wurinta. So nake a haɗa mini ta wata ukun a yi mini yanzu."

Wani daga gefe ya saki dariya ya mayar da ita tari.

"In ka koma me za ka ce mata?" in ji Malam.

"Zan ce wata uku ina yi. Yarinya ce, sa'ar 'yata, ba za ta gane ba. Su takarda suka sani."

Na bayansa ya ƙware da ruwa. Mai Madubi ya ce, "Sannu," ba tare da ya motsa ba.

"Ni tela ne kafin na zo nan," in ji Malam. "Shekara talatin ina duƙe a kan keke, sai da na kai ba na iya ganin silin. Shekara biyu na yi kafin na miƙe. Amma tunda ka zo, bismilla. Ka yi abin da jikinka ya yarda, inda ya ce tsaya ka tsaya."

"Ba dai bautar wani abu a ciki ko?"

"Miƙa ce da numfashi. In ka ga mun wuce haka ka ɗauki tabarmarka."

Aka fara da tsayuwa. Ƙafafu a haɗe, kafaɗu a sake, kai a sama. Mai Madubi ya tsaya ya ji ba komai, har ya fara tausayin 'yarsa da ta ɗauki abin da girma. Ashe tsayuwa ce ake ta yi wa suna. Aka ce a ɗaga hannuwa sama, ya ɗaga, rigarsa ta fice daga wando, tumbinsa ya leƙo ya gaida jama'a. Aka ce a sunkuya a hankali a nufi yatsun ƙafa. Ya sunkuya, hannuwansa suka iso gwiwa suka ce nan ne tashar ƙarshe. Biro ya faɗo daga aljihu, tabarau ya biyo shi, sai katin ma'aikata, sai ƙwayoyin maganin ciwon baya da suka gangara ƙarƙashin tabarmar maƙwabciyarsa.

Maƙwabciyar wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, tattaɓa-kunne ma ta isa ta samu, ta kifa tafukan hannunta a ƙasa shar, goshinta na taɓa gwiwa. Daga can ƙasan ta tattaro masa ƙwayoyin ta miƙo masa.

"Ɗana, kada ka tilasta. Ni ma da na fara haka nake."

Wannan "ɗana" ita ta ɓata komai. A hanya Mai Madubi ba ya yarda ƙaramar mota ta sha gabansa, balle tsohuwar mota. Ya cije leɓe ya ƙara dannawa, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, yatsunsa suka ƙara inci ɗaya.

"Direba, ba tsere ake ba," in ji Malam. "Kana riƙe numfashi, fuskarka ta kumbura. Saki."

"Ina sane, Malam."

Aka ce a durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, a lanƙwasa baya sama, a sake shi ƙasa. Rabonsa da wannan durƙuson tun ranar da yake neman inda mai ke zuba a ƙarƙashin Lamba Tara. Bayan kowa na hawa yana sauka, nasa kuwa ko gezau, tumbin ne kawai ke kai da komo. Daga nan aka ce a kafa hannuwa da ƙafafu a ɗaga ƙugu sama, kai ya rataya a tsakani. Nan ne ya ga dama ta samu, ta tsakanin ƙafafunsa zai ga ko wane ne a bayan nan da ke ta fama da tari. Kafin ya buɗe ido da kyau rigarsa ta zazzago ta rufe masa fuska ruf. Ya tsaya a haka cikin duhu, hannuwa na rawa, yana shaƙar warin man dizal na rigarsa.

"Yanzu bishiya," in ji Malam bayan an miƙe. "A tsaya a kan ƙafar hagu, a ɗora ta dama a jikinta, a haɗa tafuka a ƙirji."

Mai Madubi ya ɗaga ƙafar dama. Ɗakin ya karkata. Abin da jikinsa ya sani shekara ashirin da bakwai shi ya yi: ƙafar dama ta sauko ta taka birki da ƙarfi har tagogi suka amsa, hannunsa kuma ya miƙe gefe don tare fasinja kada ya kifa. Fasinjar ita ce tsohuwar. Ta ɗan yi tangaɗi a kan ƙafarta ɗaya, ta dawo daidai, ba ta ko buɗe ido ba.

"Ka kiyaye mini haƙarƙari, ɗana," ta ce.

Sau huɗu yana ɗagawa, sau huɗu yana taka birki. A na biyar Malam ya zo ya kama hannunsa ya ɗora a bango, ya ce ya ɗaga dunduniya kawai, yatsu na ƙasa. Ya tsaya a haka, gumi na bin bayan kunnensa, yana jin kunya irin wadda bai ji ba tun ranar da ya fara koyon ribas. Abin haushin, a haka ɗin ya tsaya cak, har ya ji wata jijiya a cinyarsa da bai san yana da ita ba ta farka.

Aka zauna. Malam ya ce kowa ya ɗora hannun hagu a gwiwar dama, ya murɗa jiki a hankali, ya waiwaya ya yi wa na bayansa murmushi.

Gaban Mai Madubi ya faɗi, don wannan ita ce tambayar jarrabawar da kanta. In ya ci ta a nan, ya ci ta ƙarfe uku. Ya murɗa, ya ga taga. Ya ƙara, ya ga makunnin fanka. Ya tattara ƙarfinsa gaba ɗaya ya fizgi wuyan yadda ake fizgar sitiyarin da ya ƙi juyawa, sai wata jijiya ta ɗaure tun daga bayan kunne har kafaɗa. Ya maƙale. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

"Malam," ya ce da wata 'yar siririyar murya da ba tasa ba, "giya ta ƙi fita."

Kafin Malam ya taso, wani hannu ya zo daga baya ya dafa kafaɗarsa, babban yatsa ya sami daidai wurin ya danna, ya riƙe. Hannun mace ne, da agogo mai igiya ruwan ɗorawa, iyakar abin da wutsiyar idonsa ta kamo ke nan. A hankali jijiyar ta saki, kansa ya dawo gaba.

"Na gode, ta baya," ya ce. "Allah ya yi albarka. Da ke ce likitarmu da mun huta."

Ta ɗan bubbuga kafaɗar. Ya ji dai kamar tana danne dariya kafin ta janye hannun.

Daga ƙarshe aka ce kowa ya kwanta rigingine, ya saki hannuwa da ƙafafu, ya rufe ido. Mai Madubi ya kwanta, ya ji daɗin ƙasa, amma idonsa na kan fanka. Ya rufe, suka buɗe da kansu. Ya sake rufewa, ƙirjinsa ya buga, ƙafar dama ta zabura tana neman birki. Malam ya zo ya tsuguna kusa da kansa.

"Ido fa, direba?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ba zai yiwu ba, Malam." Wannan karon shi ma muryarsa ta sauko. "Akwai mutane a bayana. Ni ban taɓa rufe ido da mutane a bayana ba. Mutum sittin nake ɗauka, da masu ciki, da 'yan makaranta. Ƙiftawa ma a gurguje nake yi."

Malam bai yi dariya ba.

"In ka iso tashar ƙarshe, kowa ya sauka, me kake yi?"

"In ja birkin hannu."

"Yaya yake yi?"

"Iskar ce ke fita. Tsss."

"To ka iso. Kowa ya sauka lafiya, ba wanda ya bar ko jaka. Ja iska ta hanci, ka ja birkin, ka bar ta ta fita a hankali har ta ƙare. Sannan ka kashe inji."

Mai Madubi ya ja iska, ya sake ta ta tsakanin haƙora. Ta daɗe tana fita, bai san ya tara ta haka ba. Ya sake yi. A na uku kafaɗunsa suka sauka suka taɓa tabarma, ashe duk shekarun nan a ɗage suke. A na huɗu ya ji wani abu mai ɗumi ya gangaro daga gefen idonsa ya shiga kunne, ya bar shi a kan gumi ne. Na biyar bai san an yi shi ba.

Da ya farka, fanka ɗaya ce ke juyawa, ɗakin ba kowa sai Malam yana naɗe tabarmi.

"Na yi barci?"

"Har mai kantin magani ya hawo tambayar ko janareta muka sayo."

Mai Madubi ya tashi zaune da ƙyar. Jikinsa duk ciwo, amma kansa wasai, kamar an wanke gilashin gaba.

"To sauran fa, Malam? Na wata ukun?"

"Ka samu na yau. Yadi in ka ja shi da ƙarfi lokaci ɗaya yagewa yake, na yaga da yawa kafin na gane. Jibi ƙarfe bakwai muna nan."

Ƙarfe uku saura kwata yana zaune a bencin asibitin kamfani, tabarma a naɗe a kan cinya. Da gangan ya riƙo ta, ya ma ɗan goga ta a ƙasa don ta yi kamar ta sha aiki. Ta tagar da ke gabansa yana hango ƙofar gareji. Tsohon direban Lamba Biyu ya tashi ya ɗaga ƙarfe, wata bas ta wuce ba ko ɗaga hannu, ya sauke, ya koma kujerarsa. Mai Madubi ya kawar da ido, tsoro ya kama shi sosai.

Aka kira shi. Likitar na zaune tana rubutu, da farar riga mai dogon hannu, ba ta ɗago ba.

"Sannu, Baba. Zauna. Yaya yoga?"

"Alhamdu lillahi, Likita. Wata uku cur. Ga tabarmar ma, har ta fara tsufa."

"Ma sha Allah. Wanne ka fi jin daɗi a ciki?"

"Bishiya," ya ce, don ita ce sunan da ya riƙe. "In na tsaya a ƙafa ɗaya sai an ce in sauke. Akwai wata tsohuwa kusa da ni, ni nake tare ta in za ta faɗi."

"Allah sarki. Ta yi sa'ar maƙwabci." Ta ajiye biro. "Miƙo hannu."

Ta janyo abin awon jini, ta naɗe hannun rigarta don ta ji daɗin ɗaura masa. Agogo ya bayyana, mai igiya ruwan ɗorawa.

Mai Madubi ya kalli agogon. Ya kalli gorar ruwan da ke kan tebur. Ya sake kallon agogon ko zai canja launi. Duk maganganun da ya yi da safe suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da muryarta, har da ta sa'ar 'yarsa. Ya ji jininsa na hawa ba sai an auna ba.

"Likita," ya ce, "ke ce ta baya?"

"Shekara biyu ke nan nan ne wurina a ajin. Yau ne kawai aka tare mini ganin Malam."

"Wallahi ni dai..."

"Su takarda suka sani," ta ce, tana ɗaure masa hannu. Fuskarta a ɗaure, amma gefen bakinta na rawa. "Baba, in na matsa abin nan yanzu, lambar da zai ba ni ba ƙofa ba, gado za ta kai ka. Ba zan matsa ba tukuna. Ka iso tasha. Kowa ya sauka."

Ya dube ta. Ba wasa take ba.

"Ba kowa a bayanka, bango ne. Ni ma ga ni a gabanka. Rufe ido."

Ya rufe. Ya ja iska ta hanci, ya sake ta. Tsss. Wata nas da ke wucewa ta leƙo ta ga ko taya ce ta sace, Likita ta yi mata alama da hannu ta wuce. Ya yi biyar, ya yi goma, kunyar ba ta tafi ba, amma ta koma gefe ta zauna. Can ya ji abin ya matse masa dantse, ya saki.

"Ya sauko," ta ce. "Bai kai inda nake so ba, amma ya fi na wancan karon. Maganin dai ka sha, na gani. Saura wuya."

Ta zagaya bayansa. "Ƙafa a ƙasa, kafaɗa kada ta motsa. Kada ka fizga, na ga yadda kake fizga. Yatsu nawa?"

Ya juya a hankali yana sakin iska. Ga sikelin nan na wancan karon. Ya wuce shi. Ga gefen wata kabad da bai taɓa sanin tana ɗakin ba, har da hannunta na ƙarfe. Nan wuyan ya ce ya isa. Ya so ya ce uku, don yawanci uku suke ɗagawa. Ya buɗe baki, ya tuna wadda ke tsaye a bayan.

"Ban gani ba, Likita. Kabad na gani."

Ta dawo ta zauna, ta daɗe tana rubutu. Ƙarar biron kawai ake ji.

"Ba zan sa hannu yau ba, Baba. Mutum sittin kake ɗauka, da masu ciki, da 'yan makaranta. Kai ka faɗa, ina ji. Akwai gefen da madubi ba ya nunawa, ka fi ni sani."

Ya sunkuyar da ido. Ya sani. Watan jiya saura ƙiris ya bi ta kan wani mai keke a wannan gefen, bai gaya wa kowa ba, ko matarsa.

"Ƙofa ke nan," ya ce.

"Sati shida. Na rubuta na wucin gadi ne, kada a ba kowa Lamba Tara dindindin. Kuma ƙofar ma aiki ce ga wuya, wannan ta shigo ta dama, waccan ta fita ta hagu. Ka bar kujerar a wuri ɗaya, kanka ne zai riƙa juyawa." Ta miƙa masa takardar. "A safiya ɗaya ka samu kabad. Jibi ƙarfe bakwai ina bayanka. Ranar da Malam ya ce a waiwaya, ka waiwayo ka gan ni, a nan kan tabarma zan sa maka hannu. Zan riƙa zuwa da biro."

Ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya miƙe, ya kai ƙofa, ya tsaya yana kallon katakon.

"Maganar sa'ar 'yata fa, Likita..."

"Na girme ta da shekara uku. Ta gaya mini ranar da ta zo tambayar wace irin tabarma za ta saya."

Ya fito harabar gareji rana ta yi sanyi. Lamba Tara na tsaye a layinta, an wanke ta, madubanta uku na ƙyalli. Ya tsaya a gefenta, ya ɗan gyara na dama da yake ganin ya karkace, duk da ba shi zai duba shi gobe ba. Kujerar direba na nan da ramin da tabarmar ta bari. Ya kalli ramin, ya gyara riƙon tabarmar a hammata, ya wuce.

A ƙofa tsohon direban Lamba Biyu ya yunƙura zai tashi. Mai Madubi ya dube shi ido cikin ido, ya yi masa sannu da aiki, ya tambaye shi ko akwai kujera ta biyu.

"Mai Madubi," Dogo ya kira daga can baya. "Yaya aka yi? Sabis ɗin ya ci?"

Ƙafarsa ta riga ta fara shan kwana. Ya mayar da ita, ya kafa duka biyun a ƙasa, ya saki iska ta tsakanin haƙora, ya fara juya kai shi kaɗai. Ga bangon ofis, ga famfon wanke motoci, ga tulin tsofaffin tayoyi. Can a ƙarshen ƙarshe wani abu ya shigo, baƙi, mai ɗan faɗi.

"Tsaya nan inda kake, Dogo, kada ka matso," ya ce. "Na ga kunnenka."